Sana'ar Rubutu ta Mai Zaman Kansa Daga Zamanin Ayari Zuwa na Intanet: Darasi Daga Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da rubutu ya kafu a ƙasar Hausa, mutane iri biyu ne suke ci da alƙalami. Akwai wanda yake ƙarƙashin ubangida, kamar magatakardan sarki a da, ko akawun En'e a zamanin Turawa, ko ma'aikacin gidan jarida a yau. Wannan yana da inuwar da yake fakewa, abincinsa kuma yana zuwa ko aiki ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Akwai kuma wanda yake zaman kansa, ba shi da albashi, sai wanda ya kawo masa aiki ya biya shi ladansa. Masana tarihi sun yi rubuce-rubuce da dama a kan na farkon, domin takardunsa suna nan a ajiye cikin ɗakunan adana kayan tarihi na Kaduna da Sakkwato. Na biyun kuwa ba a cika waiwayarsa ba, alhali shi ne talaka ya fi sani, shi ne kuma ya fi zuwa wurinsa.

A cikin wannan maƙala za mu bi sawun wannan mutum na biyu, tun yana malamin ayari da mai kwafar littattafai, har ya zama mai rubuta wasiƙa a bakin kotu, har zuwa yau da ya zama saurayi ko budurwa mai tsara wa mutane shafukan intanet, ko mai rubuta labari yana watsawa da kansa. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, a kowane ɗaya daga cikin waɗannan zamuna, mai wannan sana'a bai taɓa mallakar hanyar da aikinsa yake bi ya kai ga jama'a ba. Hanyar ta wasu ce, su suke buɗe ta, su suke rufe ta. Abin da yake hannunsa kawai shi ne ƙwarewarsa, da amanar da aka san shi da ita, da kuma asalin kwafin aikinsa. Mun zaɓi Birnin Gwari ta zama madubinmu domin tarihinta duka tarihin hanya ne, kuma a nan ne aka ga abin da yake faruwa ga mai sana'a in aka toshe masa hanyar ƙasa da ta iska a lokaci guda. A ƙarshe za mu kawo shawarwarin da muka tsamo daga wannan tarihi.

2.0 Birnin Gwari da Hanyarta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tazarar kimanin kilomita 120 daga garin Kaduna. Ƙasarta ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar sun haura 250,000, yawancinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, sai kuma masu haƙar zinariya, sana'ar da aka san yankin da ita tun zamanin Turawa. A nan ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe shi a matsayin gandun dajin En'e cikin 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa cikin 1999. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 1,100, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara.

Abin da ya ɗaga darajar garin tun da can shi ne kasancewarsa zango a kan hanyar fatake masu tasowa daga Kano da Zazzau su nufi ƙasar Nufe da mashigan Kwara. Baturen nan mai yawon bincike, Kilafatan, ta nan ya bi cikin 1826 sa'ad da ya fito daga Busa ya nufi Zariya da Kano. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda ta isa Kano cikin 1911, sai suka bi da ita ta Minna da Kaduna, aka bar Birnin Gwari a gefe. Daga baya hanyar mota ta Ikko zuwa Kaduna, wadda ta biyo ta Jaba da Makwa da Tegina, ta sake ratsa yankin, ciniki ya farfaɗo. Sa'an nan kuma daga wajen 2011, 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane suka kafa sansani a cikin dajin, hanyar ta zama abin tsoro. Ke nan sau da dama ana buɗe wa mutanen wannan gari hanya ana rufewa, ba tare da an shawarce su ba. Ya kamata mu riƙe wannan a zuci yayin da muke duba tarihin sana'ar kanta.

3.0 Zamanin Alƙalami da Tawada

Babban ayarin fatake a ƙarni na 19 yana da shugabanni sanannu: madugu, da jagaba, da uban dawaki. Yana kuma da malami, wanda ake kira malamin ayari. Shi yake duba ranar tashi, ya ja salla, ya rubuta lissafin bashi, ya rubuta wasiƙa zuwa ga sarkin garin da za a sauka, in kuma wani ya rasu a hanya ya ƙididdige dukiyarsa domin magada. Ba shi da albashi, abin da fatake suka ba shi da shi yake ci. Jarinsa kuwa shi ne a yarda cewa abin da ya rubuta haka yake, domin yawancin waɗanda yake yi wa aiki ba za su iya karanta takardar su tabbatar ba.

Wannan sana'a ta bunƙasa har ta kai an yi mata littafin koyarwa. Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga, an haife shi a Kano cikin 1858, ya rasu a Kete Karaci ta ƙasar Gana cikin 1934. Tun yana saurayi, wajen 1877, ya wallafa wani littafi da Larabci mai suna Assarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, inda ya tsara wa marubuta samfurin wasiƙu iri iri, da yadda ake buɗe kowace gwargwadon matsayin wanda za a aika wa. Shi kansa ɗan gidan fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro. Wannan ya nuna mana cewa ba yau aka fara ba masu zaman kansu shawara a kan yadda za su gyara aikinsu ba, kuma samfurin da mai tsara shafi yake ɗauka a yau ya gyara shi daidai da bukatar mai aiki yana da kaka a cikin al'adarmu.

Ban da malamin ayari akwai mai kwafar littattafai. Almajiri ko attajiri yakan kawo masa takarda ya ce a kwafa masa Ishiriniya, ko Risala, ko Alƙur'ani sukutum. Shi zai fere alƙalaminsa na kara, ya dafa tawadarsa da 'ya'yan bagaruwa, ya tanadi ja da rawaya domin wasali da zayyana. Abubuwa biyu na wannan zamani sun cancanci mu tsaya a kansu. Na farko, kafin alƙalami, watau abin da ake ba malami tun bai ɗora alƙalami a kan takarda ba. Kalmar ta rayu har yau, ta zama sunan duk wani kuɗin da ake bayarwa kafin a fara aiki. Na biyu, al'adar rufe littafi. A ƙarshen kwafi marubuci yakan faɗi cewa littafi ya cika, ya ambaci sunansa, sau da yawa kuma ya ambaci sunan mai littafin. Da wannan ɗan rubutu yake raba abu biyu da suke rikitar da mutane har gobe: wane ne ya yi aikin, wane ne kuma ya mallake shi.

Amma takardar da duk wannan sana'a ta dogara a kanta ba a ƙasar Hausa ake yin ta ba. Mafi yawanta daga Italiya take fitowa, mai tambarin jinjirin wata uku, ta biyo ta Tarabulus ko Masar, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. In yaƙi ya tare ayarin Arewa, mai kwafa a Kano ko Zazzau sai ya ji a jikinsa, ko da yake bai san inda aka yi yaƙin ba.

4.0 Zamanin Boko, Tafireta da Maɗaba'a

Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, suka kuma buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, sai boko ya zama rubutun ofis. Wannan shi ne karo na farko da aka sauya wa marubuci kayan aikinsa da ƙarfin hukuma. Wanda ya iya ajami kawai bai rasa aiki a unguwa ba, amma ƙofar ofis ta ƙuntata a gare shi. Waɗanda suka haɗa biyun su suka ci riba. Misali mafi kusa da yankin da muke magana a kai shi ne Abubakar Imam, wanda aka haifa cikin 1911 a Kagara, maƙwabciyar Birnin Gwari ta wajen Tegina. Ya shiga gasar ƙaga labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu 1939. Sai dai shi ma'aikaci ne mai albashi, a ƙarƙashin Hukumar Talifi, daga baya kuma Kamfanin Gaskiya da aka kafa cikin 1945.

Takwaransa mai zaman kansa shi ne mai rubuta wasiƙa, wanda yake kafa tebur a bakin gidan waya ko kotu ko kasuwa. Ɗan ci-rani yakan zo ya faɗa masa saƙon gida, mai ƙara ya zo a tsara masa takardar koke, mai sayar da gona ya zo a rubuta masa shaidar ciniki. Da yake ana iya cutar wanda bai iya karatu ba ta wannan hanya, sai gwamnatin Turawa ta kafa doka cewa duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, lalle ne ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta, wanda hakan yake nufin ya karanta masa ita, ya kuma rubuta abin da aka sa shi. Watau abin da mai kwafa yake yi don al'ada, sai ya zama wajibi a doka.

Da tafireta ta yawaita, sai wata matsala ta ɓullo wadda ta shafi Hausa ita kaɗai. Cikin shekarun 1930 aka tsai da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, amma yawancin tafiretocin da ake shigowa da su don Turanci aka ƙera su. Mai buga takarda mai kula yakan bi da biro ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, marar kula kuwa ya bar mai karatu ya yi ta laluben ko kafa ake nufi ko ƙafa. A wannan zamani ne kuma masu rubuta allunan shaguna da masu zanen jikin motoci suka yawaita a garuruwan da suke bakin titi. Masu rubutun hannu na gargajiya ma ba su mutu ba. A Kano, Sharu Bala Gabari ya shahara da rubuta Alƙur'ani da hannunsa, a ɗauki hotonsa a maɗaba'a a buga dubbai. Ya ɗauki sabon inji ya sa shi ya yi wa tsohuwar ƙwarewa hidima.

Cikin shekarun 1980, da tattalin arzikin ƙasa ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga littattafan hira na Hausa. Sai matasa maza da mata, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Sun kuɓuta daga jiran edita, amma sai suka faɗa hannun dillalan littattafai na kasuwa, waɗanda suke karɓar kaya bashi su biya sa'ad da suka ga dama. A nan ma hanyar kaiwa ga mai karatu tana hannun wani.

5.0 Zamanin Intanet

An buɗe wa duniya tsarin shafukan intanet cikin 1991, amma bai shiga hannun talakan Nijeriya sosai ba sai bayan da kamfanonin wayar hannu suka fara aiki cikin 2001. Da farko sai mutum ya je shagon intanet ya sayi minti. Daga baya waya mai buɗe shafi ta yi araha, ta kai har ƙauye. Manhajar WordPress da ta fito cikin 2003 ta sauƙaƙa gina shafi ga wanda bai yi zurfi a ilimin kwamfuta ba, aka kuma kafa ƙungiyar NiRA cikin 2005 domin kula da rajistar sunayen shafuka masu ƙarewa da .ng. Ta haka sabon mai zaman kansa ya bayyana: yana gina wa makaranta ko ƙungiya ko ɗan kasuwa shafi, yana tsara katin biki da fastar ɗan takara, yana cike wa ɗalibai takardun jarrabawa, wani kuma yana rubuta labarin garinsu yana watsawa.

A wuri irin Birnin Gwari, wannan aiki na ƙarshe ya wuce neman abinci. Wakilan manyan jaridu da gidajen rediyo a Kaduna suke zaune, hanyar zuwa kuwa ta yi shekaru ba ta biyuwa sai da rakiyar jami'an tsaro. Saboda haka labarin abin da yake faruwa a Kuyallo ko Randagi ko Dogon Dawa ko Damari yakan fara fitowa ne daga wayar ɗan gari, ko daga sanarwar ƙungiyoyin yankin, irin su Ƙungiyar Ci-gaban Masarautar Birnin Gwari, sa'an nan 'yan jarida su ɗauka. A irin harin da aka kai ƙauyen Gwaska cikin Mayu 2018, inda aka kashe mutum fiye da 40, duniya tana dogara ne da abin da mutanen wurin suka iya fitarwa. Mai rubutu a irin wannan wuri ya koma matsayin malamin ayari: mutane da yawa sun dogara da abin da ya rubuta, ba su da halin tabbatarwa.

6.0 Shekarar da Aka Rufe Hanya

Cikin 2021 aka ga yadda sabuwar hanyar take da saurin yankewa. A farkon Yuni Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya, ba ta ɗage ba sai cikin Janairu 2022. A farkon Satumba aka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. A ƙarshen watan kuma Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse su a yankunan da suke fama da 'yan bindiga, har da Birnin Gwari. An haɗa wannan da hana hawa babur, da dakatar da kasuwannin mako, da hana sayar da man fetur a jarka. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto da kayan masarufi. Sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da sanarwar maido da layukan.

Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan ko matakin ya biya bukata. Abin da ya shafe mu shi ne halin da mai sana'a ya shiga. Kusan wata biyu ba zai iya aika aiki ba, ba zai iya karɓar kuɗi ta waya ba, ba zai iya shiga shafin da yake kula da shi ba. Janaretonsa yana bukatar fetur a jarka, ga shi an hana. In ya ce zai tafi inda sabis yake, hanyar nan ce dai ta cikin daji. Wanda duk aikinsa yana ajiye a intanet kaɗai, ya zama kamar mai kwafar da aka kulle takardunsa a ɗakin wani.

Abubuwa biyu da suka biyo baya sun ƙara fito da darasin. Cikin Yuni 2023 aka saki darajar naira, dalar da ake saye a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya yi wa mai aiki alkawarin kula da shafi a kan tsohon farashi, alhali hayar ma'ajin shafin da dala ake biya, ya yi asara. Haka kuma a ƙarshen Nuwamba 2023 kamfanin OkadaBooks, inda marubutan Nijeriya da yawa, har da na Hausa, suke sayar da littattafansu tun 2013, ya rufe. A ɗaya ɓangaren kuma, cikin Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe, bayan sulhun da aka ƙulla da wasu shugabannin 'yan bindiga. Rufewar da buɗewar duka daga sama suka zo.

7.0 Shawarwari

7.1 Yarjejeniya da kafin alƙalami. Kada a fara aiki sai an rubuta abin da za a yi, da kuɗinsa, da ranar gamawa, da yawan gyaran da mai aiki yake da ikon nema, da kuma wanda zai kawo rubutu da hotuna, kamar yadda a da aka san mai littafi ne yake kawo takarda. A raba biya kashi uku: kafin alƙalami, da na lokacin da aka nuna aiki, da na ranar miƙawa. Duk abin da ake biya da dala a ware shi daban, a faɗa wa mai aiki cewa yana hawa yana sauka. Wanda kuma ya karɓi kafin alƙalami ya tuna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

7.2 Raba mai yi da mai abu. A yi rajistar sunan shafi da sunan mai shi, a kuma miƙa masa kalmomin sirri a rubuce ranar da ya gama biya. Riƙe mabuɗin shafin mutum domin a tilasta shi ya dawo yana kawo kuɗin wata guda, amma yana kashe sunan mai sana'a, a ƙaramin gari kuwa suna shi ne jari. Sunan shafi haya ce ta shekara shekara, saboda haka a rubuta ranar sabuntawa a ba mai shi. Mai ƙarewa da .ng ana iya biyansa da naira. Shi kuma mai tsarawa ya nemi izini ya sa sunansa a ƙasan shafin, yadda mai kwafa yake yi a ƙarshen littafi.

7.3 Kwafi a hannu. Kowane aiki ya kasance yana da kwafi a wuri biyu ko uku, ɗaya daga ciki a na'urar da ba ta bukatar sabis. Facebook da WhatsApp da makamantansu rumfar haya ce a kasuwar wani, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Marubuci ya ajiye asalin rubutunsa da lambobin abokan cinikinsa a wurinsa. Ya kuma ƙulla amana da wani abokin sana'a a Kaduna ko Zariya ko Funtuwa, wanda zai iya riƙe masa shafukan mutane in an katse layi, yadda kowane falke yake da mai masauki a garin da yake zuwa. Tun ana zaman lafiya ake yin wannan shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

7.4 Tsara aiki domin mai karatu na gaske. Mai buɗe shafin a ƙauye ƙaramar waya gare shi, datarsa kaɗan ce, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. A rage nauyin hotuna, a guji bidiyon da yake tashi da kansa, a gwada shafin a waya mafi araha kafin a miƙa. A kuma zaɓi zubin haruffan da yake ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, domin akwai da yawa da ba su da su, sai mai karatu ya ga akwati a madadin harafi. Uzurin da mai tafireta yake da shi a da ya ƙare.

7.5 Tantance labari da kare mai ba da shi. A yankin da ake zaman ɗar-ɗar, labarin ƙarya yana iya tayar da ƙauye, na gaskiya kuma yana iya jawo a kashe wanda ya faɗa. A ji daga baki biyu kafin a watsa, a rubuta rana da wuri, a bambanta abin da aka gani da abin da aka ji. Kada a nuna fuska ko gidan mai ba da labari, a kuma sani cewa hoton waya yakan ɗauki bayanin inda aka ɗauke shi in ba a goge ba. Ya kamata kowane marubuci ya karanta sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara cikin 2024, domin an sha gurfanar da masu rubutu a ƙarƙashinsa. Haka nan dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi duk mai tara sunaye da lambobin jama'a, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta shafi mai ɗaukar hoto ko rubutun wani ba da izini ba.

7.6 Sana'a fiye da ɗaya, da haɗa kai. Malaman da suna noma da damina, su yi kwafa da rani. Mai tsara shafi ya riƙe wani aikin da ba ya bukatar layi, kamar buga takardu, da tsara kati, da rubuta allo, da koyar da yara kwamfuta. Faifan hasken rana, ko ƙarami ne, ya fi dogara da jarka. Daɗin daɗawa, kowace sana'ar Bahaushe tana da shugabanta, maƙera da wanzamai da mahauta duk suna da sarki mai raba gardama da tsai da farashi. Masu wannan sabuwar sana'a suna bukatar irin wannan haɗin kai, ko don kada sabon shiga ya riƙa karya farashi saboda rashin sani.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda kayan aiki suka sauya daga kara zuwa tafireta zuwa kwamfuta, yadda kuma hanya ta sauya daga turbar ayari zuwa titi zuwa turakun sadarwa. A duk tsawon wannan lokaci, waɗanda suka ɗore su ne masu koyon sabon kayan aiki ba tare da sun saki ƙa'idojin da ba, watau bayyana ciniki tun farko, da sa hannu a kan aiki, da riƙe kwafi.

Saura kira guda ga 'yan'uwanmu manazarta. Wasiƙun da Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato cikin 1903 suna nan ana karanta su, domin a takarda suke. Amma tarihin abin da ya auku a dajin Birnin Gwari daga 2011 zuwa 2024, babban kasonsa yana cikin wayoyi da shafukan da suke iya ɓacewa ranar da aka kasa biyan haya ko kamfani ya rufe. Muna ganin ya dace cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, da sassan tarihi da na harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, su fara tattara waɗannan rubuce-rubuce da izinin masu su, su buga abin da ya kamata a buga, su kuma yi hira da tsofaffin masu rubuta wasiƙa da suka rage tun suna da rai. Muna fata wannan ɗan tsokaci zai zama sanadin fara wannan aiki.